Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan gwajin HbF da maganin Amurka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarki, cewa likita ya rubuta wa yaronki gwajin HbF, wato awon jinin jarirantaka, kafin a ɗora shi kan maganin sikila na hydroxyurea, ke kuma kin ji an samo maganin da ke raba mutum da sikila a Amurka, shin ba gara ki jira shi ba? Wallahi kamar da bakina kika yi magana, don ni ma haka na riƙa tunani shekara uku da suka wuce.

Kada ki jira. Ni na jira, na kuma ga abin da jiran ya jawo mini.

Lokacin 'yata tana da shekara shida aka ce mu fara hydroxyurea, sai uwar mijina ta ce sam, ai maganin ciwon daji ne, ba za a ɗirka wa jikarta guba ba. Ita ce dai wadda tun ranar da sakamako ya fito SS take cewa daga gidanmu aka kwaso, kamar ɗanta ba AS ba ne. Ta kawo wani mutum har falona a Rigasa, da jarkoki biyu na wani baƙin ruwa, yana rantsuwa wai irin na Amurka ne aka haɗa da itatuwanmu, wata uku jini zai koma AA. Awarwarona na sayar na biya shi. Ana tsakiyar hunturu, wajen ƙarfe biyun dare, yarinyar nan ta farka tana ihu, ƙafa da baya, ko zani ba ta yarda ya taɓa ta. Babu mai Keke a waje. Babanta ya goya ta, ni ina biye da fitilar waya, takalmi ƙafa ɗaya, har bakin titi. A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai da aka yi ƙarin leda biyu. Tana kwance ta ce mini, "Umma, ki ce wa Hajiya na sha maganin duka, ban zubar ba." Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Mutumin kuwa, layinsa bai sake shiga ba, ita kuma Hajiya ko sannu da hidima ban samu ba, cewa ta yi ba mu ba da maganin da imani ba.

Maganin Amurkan gaskiya ne akwai shi, amma ba a jarka yake zuwa ba. Kin lura yaranmu ba sa fara ciwo sai sun kai wajen wata shida? Jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, wato HbF, ba ya lanƙwashewa. Akwai wani furotin a jiki mai suna BCL11A, aikinsa kamar makunnin fitila ne, shi ke kashe wannan jinin bayan haihuwa, sai na sikila ya karɓi fili. A 2008 masana suka tabbatar da haka. Maganin Casgevy, wanda Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka kuma a Disamba, abin da yake yi shi ne a ɗebi ƙwayoyin ɓargon mai ciwon, a raunana makunnin nan a ɗakin gwaji, a mayar masa. Kafin a mayar sai an yi masa maganin kemo mai ƙarfi wanda zai iya hana haihuwa, kuma da 'yan shekara 12 zuwa sama aka fara. Kuɗin da aka sa masa a 2023 dala miliyan 2.2 ne. Ki lissafa da naira ki gani.

Hydroxyurea ma jinin jarirantakan nan yake ɗagawa, shi ya sa ake auna HbF tun farko, don a san daga ina aka tashi. Na 'yata kashi 6 ne da muka fara, yanzu ya haura 17, kuma bana sau ɗaya tak muka kwana a asibiti. An ma yi bincike kansa a yaranmu na nan, a Kano da asibitin Barau Dikko, kan hana shanyewar ɓarin jiki.

Ki tambaya ko da na'urar HPLC, mai auna adadin kowane irin jini, za su yi gwajin HbF ɗin, don gwajin jinotayif na kullum ba ya ba da adadin daidai. In an yi wa yaron ƙarin jini kwanan nan ki gaya wa likita, jinin wani yana rikita sakamako, ni sai da muka jira wata uku. Kada ki tsallake awon jinin da za a riƙa sa ku yi, maganin yana iya rage ƙwayoyin jini. Folic acid da Paludrine, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma ba a dainawa. Ki nemi a yi masa hoton jijiyoyin kai, TCD, ni ban san da shi ba sai a wannan zauren.

Kuma don Allah ki ɓoye maganin a ɗakinki, kada ki bar shi a falo inda kowane baƙo zai ɗauka ya karanta ya ba ki fatawa. Sanyi ya kusa, ki nemo masa safa da hular sanyi tun yanzu, a Kasuwar Bacci na samo wa tawa masu kauri. Shekarar yaron nawa ne ma? Ba ki faɗa ba.