Amsa kan kawo baƙon kifi don kiwo kusa da kogi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai illa idan mutum ya kawo wani nau'in kifi daga wata ƙasa saboda saurin girmansa, ya kiwata shi kusa da kogi, da kuma ko za a iya kawar da shi idan ya kuɓuce. Na daɗe ina kiwon kifi, ina kuma bin masunta muna ƙidaya abin da raga ta kamo, kuma abin da na gani shi ne duk kifin da ya shiga kogi har ya fara hayayyafa, da wuya a sake raba shi da wannan ruwan.

Giwan ruwa ɗan gida ne a Kogin Neja da Tafkin Cadi, amma da aka zuba shi a Tafkin Biktoriya da ke Gabashin Afirka a shekarun 1950 sai ya zama annoba. Ya daɗe ba a jin ɗuriyarsa, sai a shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma daga cikin nau'o'i kusan 500 na ƙananan kifaye dangin karfasa da ba a samun su a ko'ina sai can, an ƙiyasta kusan 200 sun ɓace, ko da yake gurɓatar ruwa ma ta taimaka. Wannan shirun na farko shi ne ya fi tsorata ni, domin mai kiwo yakan ga shekara biyar lafiya lau ya ɗauka an tsira.

A Amurka kuwa, masu kiwo ne suka shigo da wani kifi da ake kira kaf (carp) daga Asiya a shekarun 1970 don ya tsaftace musu tafkuna. Ambaliya ta kai shi Kogin Misisipi, kuma tun 2002 ake kashe kuɗi kan shingen lantarki a mashigar ruwa kusa da Shikago don kada ya isa manyan tafkunan arewa.

Ni kaina ruwan sama ya taɓa cika min tafki ya tsallake ganuwa cikin dare ɗaya, kuma bayan 'yan watanni na tarar da 'ya'yan kifina a magudanar da ke gangarawa rafi. Na gode Allah irin na yankin ne.

Shawarata ita ce ka fara neman ingantaccen iri daga kifin da yake asali a ruwan yankinku. Idan dole sai baƙon, ka nemi izinin hukumar kula da kifi, ka gina tafkin inda ambaliya ba ta kaiwa, ka sa raga mai ƙananan idanu a mafitar ruwa, ruwan da ka zubar kuma ya tafi rami ya tsotse. Kada ka dogara da karfasar da aka ce duk maza ne, domin akan samu mata kaɗan a ciki, kuma su kaɗai sun isa su cika rafi da ƙwai.