Wata uku a Glasgow, amma zuciyata tana Zariya

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Zariya, na zo birnin Glasgow na ƙasar Birtaniya a watan Satumba domin yin digiri na biyu. Makonnin farko na ji daɗi ƙwarai, amma tun da Nuwamba ya kama komai ya fita daga raina. Ina dawowa daga aji sai in kulle ɗaki in hau waya da mutanen gida, wani lokaci har awa huɗu. Abinci ba ya yi min daɗi, barci ya rikice. Ran nan na jiyo kiran sallar masallacin unguwarmu ta cikin waya, sai ga hawaye. Na kasa faɗa wa iyayena, domin fili Baba ya sayar aka cika min kuɗin makaranta. Shin rashin godiya ne ke damuna, ko raunin imani? Ko dai in tattara in koma gida?

Amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya kawo sauƙi, ya kuma saka wa Baba da alheri.

Fara da cire wa kanka wannan zargi. Abin da ka bayyana sunansa kewa, kuma ba ta da wata alaƙa da butulci ko ƙarancin imani. Manzon Allah (SAW) da kansa, da zai bar Makka, ya bayyana irin son da yake yi mata, ya ce ba don an fitar da shi ba da bai fita ba. Bilal kuwa da zazzaɓin Madina ya kama shi bayan hijira, waƙar begen kwarurukan Makka ya riƙa rerawa. Su ma Turawan da kake zaune a cikinsu sun daɗe da sanin abin. A shekarar 1688 wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya rubuta shi a matsayin ciwo, saboda yadda 'yan Suwizalan da ke zaune nesa da gida, musamman sojojin haya, suke ramewa su kwanta don begen duwatsun ƙasarsu.

Yadda naka ya zo ma ba baƙon abu ba ne a wurin masu nazarin halayyar ɗan Adam. Da farko ido na kallon sabon abu, jiragen ƙasa, ɗakin karatu, wutar da ba ta ɗaukewa. Da ɗokin ya lafa, sai gajiyar baƙunta ta bayyana: kullum kana kasa kunne don ka gane Turancin mutanen Glasgow, wanda ko 'yan Landan kan ce da wuya, kullum kana lissafin fam da naira kafin ka sayi burodi. Wannan yana cin ƙarfi ko ba ka lura ba.

Kai kuma sai naka ya haɗu da hunturu. A Zariya yini ba ya kasa awa 11 ko a tsakiyar sanyi. A Glasgow, cikin Disamba, rana ba ta fitowa sai kusan ƙarfe tara saura kwata, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi, wajen awa 7 ke nan, ga hadari ya rufe sama mafi yawan kwanaki. Ka lura ai Azahar da La'asar da Magariba duk suna cunkushewa cikin 'yan awanni. Jikin ɗan Adam da hasken rana yake saita barci da yunwa da walwala, don haka wani ɓangare na abin da kake kira kewa, duhu ne kawai. Maganin wannan ɓangaren ba wuya. Ka fita waje da hantsi ko da tsakar rana kullum, ko da rabin awa ne, ko da ana yayyafi, domin hasken waje a ranar hadari ya fi na ƙwan lantarkin ɗakinka nesa ba kusa ba. Sannan hukumomin lafiya na can suna ba kowa shawarar shan sinadarin bitamin D, maikirogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, mu masu baƙar fata kuwa duk shekara. Ana samunsa a kantin magani da araha. Daga 21 ga Disamba yini zai fara tsawo kaɗan-kaɗan, in Yuni ya zo za ka ga ana Magariba bayan ƙarfe goma na dare.

To, bari mu zo kan wayar nan, don a ganina nan ne gizo ke saƙar.

Ba zan ce ka daina kiran gida ba, Allah ya kiyaye. Amma awa huɗu kullum a ɗaki a kulle, jikinka ne kawai ya sauka a Glasgow. Kana kallon bikin abokinka a WhatsApp, kana jin wa ya haihu, wa ya sayi mota, kana ganin majalisarku ta cika ba kai. In ka ajiye wayar sai ɗakin ya ƙara yin shiru fiye da da. Kuma awannin nan su ne daidai lokacin da ya kamata ka kashe wajen sabawa da inda kake. Ka yanke wa kiran lokaci: Mama da Baba a sa'ar da kuka tsayar, misali bayan Isha'i, 'yan'uwa da abokai ranar Asabar ko Lahadi. Da yake a hunturu Najeriya awa ɗaya kawai ta ɗara ku, ba za ka sha wahalar daidaitawa ba.

Ka tambayi kanka, mene ne ainihin abin da ka rasa? Na sha yi wa ɗalibai wannan tambaya, sukan fara da tuwo da miyar kuka, amma in muka zurfafa sai a ga ba tuwon ba ne. A gida daga ƙofarku zuwa bakin titi mutum nawa ne za su gaishe ka da sunanka? Mai shayi ya san yadda kake son haɗinka, limami zai tambaya in bai gan ka a Asuba ba, maƙwabciya za ta aiko yaro da kwano. Duk wannan gadonsa ka yi, ba kai ka gina ba, shi ya sa ba ka taɓa sanin ginawa ake yi ba. A can kuwa mutum zai iya yin shekara bai san sunan na ɗakin kusa da shi ba, kuma ba wai ƙiyayya ce ba, haka suka taso. Ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Kai za ka fita.

Kakanninmu fatake sun fi mu gane wannan. Bahaushen da ya je Kumasi ko Salaga neman goro, ko ya sauka Sabo a Ibadan, ba ya zama shi kaɗai. Zango yake nema, ya sami maigida wanda zai ba shi masauki, ya haɗa shi da mutane, ya tsaya masa har ya san gari. Kai ma nemi naka maigidan: Bahaushe ko wani ɗan Najeriya da ya shekara biyu ko uku a garin. Ka je Juma'a babban masallacin Glasgow da ke gefen kogin Clyde, kada ka fice da an sallame, tsaya ka gaisa. Ka leƙa ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗaliban Najeriya a jami'arku. Unguwannin Pollokshields da Govanhill cike suke da shagunan naman halal da kayan miya, a can za ka sami abin da za ka tuƙa tuwon shinkafa, kuma in ka dafa kada ka ci kai kaɗai, kira mutum biyu.

Sai dai kada zangon ya zama wani ɗakin kullewa. Na ga waɗanda suka gama karatu ba su da aboki ko ɗaya da ba ɗan garinsu ba, zaman nasu kuma ba ya wuce kukan sanyi da lissafin canji. Ka zaɓi abu ɗaya da ke haɗa ka da mutanen garin, ƙwallo ce ko aikin sa kai ko rukunin karatu, ka lizimce shi rana ɗaya, wuri ɗaya, kowane mako. Dalilin nacewar shi ne sabo lokaci yake ci. Wani malami a Jami'ar Kansas ta Amurka, Jeffrey Hall, ya yi bincike a 2018 ya ƙiyasta cewa ana buƙatar kimanin awa 50 na zama tare kafin sanin ido ya koma abota ta sama-sama, wajen awa 90 kafin ta zama abota sosai, aminci kuwa sai an haura awa 200. Wata uku ka yi, mafi yawansu a ɗaki. Bai kamata ka yanke wa garin hukunci yanzu ba.

Game da iyaye, ba sai ka ɗora musu duk nauyin ba, amma yi musu ƙaryar cewa komai lafiya lau shi ma yana ƙara maka kaɗaici. Ka ce wa Mama kana kewarsu, sanyi da duhu sun yi yawa, ta sa ka a addu'a. Na tabbata ta riga ta ji a muryarka. Idan akwai yaya ko kawu da kake sakin jiki da shi, shi ka faɗa wa dalla-dalla.

Akwai inda nake so ka sa ido sosai. Kewa takan zo ta tafi, mai ita yakan yi dariya in ya shiga mutane, yakan ji daɗin abinci mai kyau. Amma idan ƙuncin ya zauna kusan duk yini, kusan kullum, har mako biyu ko fiye, ba abin da ke faranta maka, karatu ya gagara, kana ganin kanka ba ka da amfani, to ya wuce kewa, yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Tun da ka ambaci rikicewar barci da rashin cin abinci, ina ba ka shawara kada ka jira. Ka yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, ka je ka gan shi. Ba za ka biya komai ba, domin ka riga ka biya kuɗin lafiya tare da bizarka, kuma abin da ka faɗa masa sirri ne. Jami'arku ma tana da sashen masu ba ɗalibai shawara kyauta. In dare ya yi maka tsawo, layin Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa ta waya, 116 123, a buɗe yake kowane lokaci ba a cajin ko kwabo. Idan kuwa tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwa maka, a take ka kira layin hukumar lafiya, 111, ko layin agajin gaggawa, 999, in abin ya yi tsanani.

Maganar komawa gida kuma, ba abin kunya ba ce in ta kama, amma ban yarda a yanke ta a watan Disamba cikin ɗaki mai duhu ba. Karatun naka shekara ɗaya ne, ka riga ka ci kashi ɗaya cikin huɗu. Ka gwada abubuwan nan zuwa ƙarshen Fabrairu, ka ga likita, sannan ka sake rubuto min mu duba tare.

Af, in wani zai taho daga gida ka ce ya riƙo maka kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji. Kilishi da dambun nama dai kada ya soma, dokar Birtaniya ta hana shigo da nama daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a ƙwace.