Fita Koyar da Mata a Ƙauyuka: Bidi'a Ce?

Tambaya: Malam, na yi sauka, na kuma karanta Ahalari da Ishmawi. Duk Asabar ina zuwa ƙauyen da ke kusa da mu in koya wa mata tsarki da salla, da yardar maigidana. Dangin mijina sun ce wannan aƙidar Turawa ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Malama, aikinki halal ne. Koyar da su ma ya shiga babin farillar kifaya, wato wajibin da in wasu suka yi ya sauka daga kan saura, domin sallar macen ƙauye ba ta inganta sai da tsarki, kamar ta kowa.

Buhari ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa mata sun roƙi Annabi (SAW) ya ware musu rana, saboda maza sun rinjaye su a wurinsa, ya kuwa ware musu.

Zancen Turawa shi ya fi ɓata mini rai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Nurul Albab, ya zargi malaman da ke tara almajirai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru tun Bature bai taka Sakkwato da mulki ba. Takan zaɓi dattijuwa mai natsuwa ta naɗa ta jaji, wato jagorar mata, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jajin ta taho da mata daga ƙauyensu, su zauna gaban Nana su haddace waƙoƙinta na tauhidi da fiƙihu, su koma su rera wa matan da aure da goyo suka hana tafiya. Kuma fa matar Waziri Giɗaɗo ce, 'yar'uwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, babu wanda ya ce ta yi bidi'a.

Sai dai ki lura, masu doguwar tafiyar nan galibi tsofaffi ne da 'yan mata ƙanana, kuma cikin ayari suke tafiya. Don haka ki riƙe izinin mijinki, ki suturta jikinki, kada ki keɓe da namijin da ba muharraminki ba. In tafiyar ta kai ta kwana, ki nemi muharrami. Dangin miji kuwa ba su da ikon hana abin da shi ya yarje miki, amma ki bi su da lallashi, ko ki gayyaci surukarki ta zauna a darasi ɗaya ta ji da kunnenta.

Wallahu a'alam.