MD5 ya isa, ko sai na koma SHA-256 a manhajata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta wata ƙaramar manhaja ta ajiye takardun mambobin wata ƙungiyar manoma a Zariya, wato rasidai da takardun yarjejeniyar bashi. Na yi amfani da MD5 a wurare biyu, na farko don in gane ko an taɓa fayil bayan an ɗora shi, na biyu kuma don ajiye kalmomin sirrin mambobi. Wani abokin aikina ya ce MD5 ya daɗe da mutuwa, in sauya komai zuwa SHA-256. Shin gaskiyarsa ce? Sannan akwai abin da ya ɗaure mini kai: rubutu iri ɗaya yana ba ni sakamako daban a kwamfutata mai Windows da kuma sabar da ke aiki da Linux.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka ya yi gaskiya a kan fayiloli, amma idan ka bi shawararsa a kan kalmomin sirri, za ka sha wahalar sauyi ba tare da ka ƙara wa mambobinka wani tsaro na a zo a gani ba. Dalilin haka yana cikin yadda abin yake aiki, don haka daga nan zan fara.

Abin da masu sana'ar suke kira hash lissafi ne da yake karɓar bayanai komai yawansu, ya fitar da wani gajeren tambari mai tsayi ƙayyadadde. Ko kalma ɗaya ka ba SHA-256 ko bidiyon awa uku, tambarin da zai fito bit 256 ne (bit shi ne sifili ko ɗaya a lissafin kwamfuta), wanda aka saba rubutawa da alamomi 64 na lambobi da haruffan a zuwa f. MD5 yana fitar da bit 128, wato alamomi 32, SHA-1 kuwa bit 160, alamomi 40. Idan ka ba SHA-256 haruffa uku na abc, tambarin zai fara da ba7816bf ya ƙare da f20015ad, a kowace kwamfuta a duniya, kuma da wannan za ka iya gwada ko manhajarka tana lissafi daidai. Ana buƙatar abubuwa uku daga tambari kafin a ce ya dace da aikin tsaro: kada a iya gano asalin bayanan daga tambarin, kada wanda aka ba shi fayil ya iya ƙera wani fayil daban mai tambari iri ɗaya da shi, sannan kada wani ya iya samo kowane fayiloli biyu da tambarinsu ya zo ɗaya, abin da ake kira karo. A lura kuma cewa wannan ba ɓoye saƙo ba ne irin wanda ake buɗewa da mabuɗi, domin tambari ba shi da hanyar komawa baya, ko ga wanda ya lissafa shi.

A sharaɗi na uku ne MD5 ya faɗi. Ronald Rivest ya ƙirƙiro shi a 1991, ya yi tashe sosai, har zuwa 2004 lokacin da Wang Xiaoyun da abokan bincikenta a ƙasar Sin suka nuna yadda ake samo karo a cikinsa. Yau kwamfutar tafi-da-gidanka ta talaka tana iya yin hakan cikin daƙiƙoƙi. Lamarin bai tsaya a ɗakin bincike ba, domin a 2012 an gano wata muguwar manhajar leƙen asiri mai suna Flame da ta yi amfani da karon MD5 ta ƙera takardar shaidar bogi, har kwamfutoci suka karɓe ta a matsayin abin da ya fito daga Microsoft. SHA-1, wanda ya fito a 1995, ya bi sahu a watan Fabrairun 2017, lokacin da Google da cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam suka fitar da fayilolin PDF guda biyu masu abin ciki daban amma tambari ɗaya. Hukumar NIST ta Amurka ta sanar cewa za ta daina amincewa da SHA-1 baki ɗaya zuwa ƙarshen 2030.

Me wannan yake nufi ga takardun ƙungiyarku? Idan duk abin da kake tsoro shi ne fayil ya lalace a hanya saboda yankewar intanet ko ɗauke wuta, MD5 zai gane hakan har gobe. Amma takardar bashi tana da mai sha'awar a sauya ta. Mutum zai iya shirya takardu biyu tun farko, ɗaya mai cewa naira dubu hamsin, ɗaya mai cewa dubu ɗari biyar, ya daidaita su har tambarinsu na MD5 ya zo ɗaya, ya ɗora ta farko a amince da ita, daga baya ya kawo ta biyu, manhajarka kuma ta shaida cewa ba a taɓa komai ba. Ban ce akwai mai wannan niyya a cikin mambobinku ba, amma tunda sauyin bai wuce canza kalma ɗaya a layi ɗaya ba, ban ga hujjar zama a kan MD5 ba. SHA-256 yana cikin dangin SHA-2 da aka fitar a 2001, kuma har yanzu ba wanda ya nuna karo a cikinsa. Akwai SHA-3 da aka tabbatar a 2015 a kan wani gini daban, shi ma yana da kyau, sai dai ba ka da wata buƙata da za ta tilasta maka shi.

Wajen lissafin kansa, kada ka rubuta naka, ka ɗauki wanda yarenka ya zo da shi: hashlib a Python, MessageDigest a Java, ko hash_file a PHP. Idan fayil babba ne, kada ka loda shi gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. SHA-256 yana cin bayanai ne gutsure-gutsure, bayit 64 a kowane zagaye (bayit ɗaya bit takwas ne), saboda haka za ka iya karanta fayil ɗin kaɗan-kaɗan kana miƙa masa ta hanyar update, sai a ƙarshe ka nemi tambarin, kuma sakamakon zai zama daidai da na wanda ya loda shi a dunƙule. Wani abu da masu farawa suke yawan mantawa shi ne inda ake ajiye tambarin. Idan yana zaune a wuri ɗaya da fayil ɗin, wanda ya samu damar sauya fayil zai sake lissafa tambarin ya sauya shi ma. Maganin wannan shi ne HMAC, wanda yake haɗa bayanan da wani mabuɗin sirri da sabarka kaɗai ta sani, ta yadda wanda ba shi da mabuɗin ba zai iya samar da tambarin da za a karɓa ba. Kada ka yi dabarar liƙa mabuɗin a gaban bayanan da kanka ka ba SHA-256, domin ginin SHA-256 yana ba maharin da ya ga tambarin damar ƙara wani abu a ƙarshen saƙon ya lissafa sabon tambari ingantacce ba tare da ya san mabuɗin ba, kuma HMAC an tsara shi ne ta yadda wannan ƙofa take a rufe.

Kalmomin sirri kuwa matsalarsu daban ce, kuma a nan ne na rabu da abokin aikinka. Wanda ya sace rumbun bayananka ba ya buƙatar karo, ba ya kuma buƙatar juya lissafin baya. Abin da zai yi shi ne canke: ya ɗauki jerin kalmomin da mutane suka saba zaɓa, ya lissafa tambarin kowace, ya duba ko ta yi daidai da wani abu a rumbunka. An ƙera MD5 da SHA-256 su yi sauri, kuma katin hoto guda na zamani, irin wanda ake sa wa kwamfutar wasanni, yana lissafa biliyoyin tambarin SHA-256 a daƙiƙa ɗaya. Ka yi tunanin abin da mambobinku za su zaɓa: sunan ɗa da shekarar haihuwarsa, sunan gari, ko lambar waya. Lambar wayar Nijeriya alamomi goma sha ɗaya ce kuma sifili ne a farkonta, ma'ana dukkan lambobin da za su yiwu ba su wuce biliyan goma ba, wato aikin ɗan lokaci kaɗan. Wannan ma shi ya sa wanda ya ce ya ɓoye lambobin wayar mutane ta hanyar mayar da su tambari bai ɓoye komai ba. A 2012 an fitar da tambarin kalmomin sirri kusan miliyan shida da rabi na masu amfani da LinkedIn, waɗanda aka ajiye da SHA-1 ba tare da gishiri ba (zan bayyana shi yanzu), kuma cikin 'yan kwanaki aka warware kaso mai yawa daga cikinsu ta wannan hanyar canke.

Gishiri a nan wasu bayanai ne na kara-zube da ake samar wa kowane mutum nasa daban, a haɗa da kalmar sirrinsa kafin lissafi, a ajiye shi a fili kusa da tambarin. Amfaninsa shi ne mutane biyu masu kalmar sirri ɗaya ba za su samu tambari ɗaya ba, kuma dole maharin ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya. Amma gishiri kaɗai ba ya rage saurin canke, shi ya sa aka ƙera wasu lissafe-lissafe masu nawa da gangan. Akwai bcrypt na Niels Provos da David Mazières da ya fito a 1999, akwai kuma Argon2 da ya lashe gasar da aka shirya kan wannan aiki a 2015, wanda bayan cin lokaci yana cin ƙwaƙwalwa mai yawa, abin da yake takura katin hoto. Za ka daidaita su ta yadda lissafi ɗaya zai ɗauki wani ɓangare na daƙiƙa, wanda mamba mai shiga sau ɗaya ba zai ji shi ba, amma mai gwada biliyoyi zai tsufa yana jira. Ni Argon2id, wato wani nau'in Argon2, nake zaɓa a sabon aiki, kodayake bcrypt bai gaza ba matuƙar an tuna cewa ba ya duban abin da ya wuce bayit 72 na farko. Idan da PHP kake rubutu, password_hash da password_verify sun ɗauke maka har da samar da gishirin.

Sauran tambayarka ta ƙarshe. Hash ba ya ganin rubutu, bayit yake gani, kuma abu biyu da suka yi kama a ido suna iya bambanta a bayit. Mafi yawan lokuta ƙarshen layi ne mai laifi, domin Windows yana rufe layi da bayit biyu, Linux kuma da ɗaya. Wani lokaci kuma umarnin echo ne ya ƙara sabon layi a ƙarshe ba ka sani ba, ko wata manhajar rubutu ta sa bayit uku na alama a farkon fayil. Mu masu rubutun Hausa muna da ƙarin tarko. Harafin ƙ bayit biyu ne a UTF-8, wato tsarin mayar da haruffa zuwa bayit, haka ɗ da ɓ, kuma idan yaren ya ɗauki tsarin da kwamfutar take kai maimakon UTF-8, kamar yadda getBytes na Java yake yi kafin Java 18 idan ba a faɗa masa tsari ba, suna iya rikiɗewa su koma alamar tambaya. Ga kuma alamar da ke gaban 'yan da 'ya'ya, wadda allon waya kan lanƙwasa ta, allon kwamfuta ya bar ta a miƙe, alhali lambobinsu daban ne. Wannan na iya hana mamba shiga daga waya da kalmar sirrin da ya kafa a kwamfuta. Don haka fayil a buɗe shi a matsayin bayit zalla, wato rb a Python, rubutu kuma a mayar da shi UTF-8 a bayyane kafin lissafi. Don ka gano inda naka ya karkace, ka gwada fayil ɗin da certutil -hashfile a Windows tare da faɗin SHA256, da sha256sum a Linux, sannan ka kwatanta girmansa da bayit a wuraren biyu. Idan bambancin girman ya yi daidai da yawan layukan, ƙarshen layi ne.

Game da mambobin da kalmominsu suke ajiye da MD5 a yanzu, ba sai ka tilasta wa kowa sauya kalma a rana ɗaya ba. Ka ɗauki tsohon tambarin kowane mutum ka ba Argon2id a matsayin abin shigarwa, ka ajiye sakamakon tare da alamar cewa na tsohon tsari ne, ka goge na MD5 ɗin daga rumbun da kuma duk kwafin ajiya da ka taɓa yi. Ranar da mamba ya shiga, manhajar ta bi matakan biyu ta tabbatar da shi, nan take ta lissafa sabon tambari kai tsaye daga kalmar da ya rubuta, ta cire alamar.