Masu son kwana a dajin Termit da kaka, ga amsoshinku

Wani daga Sabon Garin Damagaram ya ce zai kai iyali Termit, dajin nan na cikin hamadar Nijar, su kwana biyu a fili, wai ƙaramar motarsa za ta iya?

Ba za ta iya ba malam. A Gure za ka rabu da kwalta, daga nan zuwa Tesker rairayi ne, sai kat-kat, ita ma biyu ake so, da ɗan jagora. Termit gandun daji ne na gwamnati tun 2012, fara zuwa wajen ma'aikatan gandun daji da jandarma ka ji ko ana shiga, in sun ce a'a to shi ke nan. Bindigar farauta kuma bar ta gida.

Wata uwa daga Birni tana da yara ƙanana, tsoron kunama ya hana ta barci.

Hajiya kwantar da hankalinki, tsoron nan naki daidai ne. A kakkaɓe takalma da safe kafin a sa ƙafa, kada yaro ya ɗaga dutse, a sa musu rufaffen takalmi saboda ƙarangiya. Ki ɗauki gidan sauro da bargo, kaka lokacin zazzaɓi ne, kuma asuba akwai ɗari. Amma in ta ni ce, da 'yan ƙasa da shekara 5 ku tsaya garaken Mirya, kusa da likita.

Sai wanda ya ga tanti na jikka 15 a kasuwa, wai mai kyau ne?

To nan fa nake da magana. Buɗe shi gaban mai shago ka ɗaga wa rana, in ka hango haske ta ɗinkin to ƙura ma za ta shigo, ka ja zif ɗin sau da yawa, ka duba turakun, irin siraran nan kamar tsinken tsire ba sa kama rairayi, iskar dare ɗaya tantin ya tashi. Abin da ke ba ni haushi mutum ya zuba kuɗi a tanti don hoton Facebook sannan ya sayi tsohon bido da bai san me aka taɓa zubawa ba, esansi ne ko maganin ƙwari, ya cika wa 'ya'yansa ruwan sha! Sayi sabo, ka shinshina. Lita 5 na sha kowane mutum kowace rana, ban da girki da alwala, ka ƙara na kwana biyu ko da mota ta kafe. Tayar safaya biyu. Can babu rezo, gaya wa na gida ranar dawowarku tun kafin ku tashi.