Amsa ga Yaya kan karatun injiniyan lantarki a Ingila

Yaya, saƙonka ya iso, kuma na gane inda damuwar take. Da aka ce maka ɗanka ya gama sakandare ya kama koyon aikin lantarki, hankalinka ya tafi kan yaron da ke riƙe wa maigidansa tsani da filaya ana jan waya a sabon gini. Ka kwantar da hankalinka, digirin injiniya zai yi, irin wanda ake fita da shi daga ABU Zariya. Hanyar ce ta bambanta.

Tun 2015 aka fito da tsarin a nan Ingila, ana ce masa degree apprenticeship, wato yin digiri haɗe da koyon aiki. Kamfani irin National Grid ko Siemens ya ɗauki yaro a matsayin ma'aikaci da albashinsa, kwana huɗu yana bakin aiki, ɗaya yana jami'a, kuma ko kwabo ba ya biya na makaranta. Kuɗin na fitowa ne daga wani haraji da aka ɗora wa manyan kamfanoni a 2017, wato waɗanda albashin ma'aikatansu ya haura fam miliyan 3 a shekara.

Abin da ya fi jan mutanenmu zuwa gare shi kuwa, maganar riba ce. A 2025 kuɗin jami'a ya kai fam 9,535 a shekara, ban da haya da abinci. Ƙalilan ne ke iya biya daga aljihu, saura bashin gwamnati suke ci, kuma akwai ruwa a kansa. Wanda ya fara karatu daga 2023, ana iya yi ta yankar albashinsa har shekara 40. Tun 2013 David Cameron, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, ya yi wa Musulmi alkawarin bashin da bai saɓa wa shari'a ba, shekaru suka yi ta wucewa muna jira. Duk inda muka haɗu, a suna ko bayan Juma'a, sai zancen ya taso. Wasu malamai sun ce larura ce, wasu sun hana, ni dai ba na zargin wanda ya ci. Amma da na ga ƙofar da yaro zai samu ilimi wuyansa sakayau, ban yi jinkiri ba.

Wahala kam akwai ta. Gurbin ya fi na jami'a wuyar samu, sai da sakamako mai kyau a lissafi da fiziks, ga gwaje-gwaje, ga intabiyu. Ina ganin ɗan naka yana fita bayan asuba da takalmin ƙarfe da rigar nan mai ƙyalli, ya dawo ya ci abinci, ya buɗe kwamfuta yana fama da lissafin taransifoma har dare ya raba. Shekara huɗu zuwa biyar zai yi maimakon uku, kuma fannin da kamfanin ke yi, shi zai fi sani. Yaron da ke son bincike ko koyarwa, ko wanda bai tsai da fanni ba tukuna, jami'a ta fi masa, musamman digirin MEng na shekara huɗu, wato digirin injiniya da ke haɗe da mastas.

Ka kuma tambaya ko za ka turo ƙanensa. Gaskiya ba zai yiwu ta wannan hanyar ba, domin sai mai izinin aiki, kuma galibi wanda ya yi shekara uku a ƙasar. Ya yi karatunsa a gida, amma idan lokacin SIWES ya zo, wato lokacin da ake tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, ka nema masa wurin da za a bar shi ya taɓa waya da hannunsa.