Gudawar yaro ɗan wata takwas: haƙori ne ko cuta?

'Yar uwa, kin ce ɗanki mai wata takwas yana zawo kwana biyu, kuma kakarsa ta ce haƙori ne. Allah ya ba shi lafiya. Amma don Allah kar ki zauna jiran haƙori ya fito. Lokacin fitar haƙori ne yaro ke rarrafe, duk abin da ya tsinta a tsakar gida sai baki, ta nan ƙwayar cuta ke shiga.

Wadda ta fi addabar jarirai ita ce rotabairos. Takan fara da amai da zazzaɓi, sai zawo kamar ruwa. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta, domin ita bairos ce ba bakteriya ba, kar ki ɓata kuɗinki a kemis. Tun 2022 aka saka rigakafinta cikin na yara a Najeriya, ana ɗigawa a baki a sati 6, 10 da 14. Ki duba katinsa.

Sai bakteriya irin su E. coli, masu zuwa ta ruwan garuwa da ba a tafasa ba, ko fida mara wanki, ko kunun da ya wuni a buɗe ƙudaje na hawa. In kin ga jini da majina, atuni ne. Da damina kuma, in kwatoci suka cika, a ji tsoron kwalara.

Yanzu ki ci gaba da ba shi nono, ki haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na masu zawo, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa ki riƙa ba shi, sannan ki ba shi ƙwayar zinc kullum har kwana 10 zuwa 14. In maɗigarsa ta faɗa, idonsa ya zurma, ko ya ƙi kama nono, ki ɗauke shi zuwa asibitin yara na Hasiya Bayero da ke Kano ko mafi kusa da ku, ko da tsakar dare ne.